Daga Tsirkiya Ɗaya Ake Fara Koyon Jita

Jita tana da tsirkiya 6, shi ya sa da yawa daga cikinmu ke ganin koyonta sai manya. Amma malamin kiɗa ba ya ɗora wa ɗan koyo duka a rana ɗaya. Da farko zai nuna masa yadda ake riƙe ta, sannan yadda ake danna tsirkiya guda da hagu ana kaɗawa da dama. A makonnin farko yatsu kan yi zafi kafin su yi kanta, a nan ne wasu ke gudu. Minti 15 kullum ya fi awa 2 ranar Asabar kaɗai.

Mu ma ba baƙin tsirkiya ba ne. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi. Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya tashi a bakin wannan Kogin Kwara da ya ratsa Yawuri, da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, daga baya jita ta kai shi ga lashe kyautar Grammy.

Muna roƙon malamanmu su ware mana lokacin koyo, ko da gurmi ne mu fara. Sannu ba ta hana zuwa.