Amsar Tambaya: Ɗalibi Baƙo A Ajin Turanci A Italiya

Malam mai tambaya, ka ce yaya za a yi ɗalibin da bai gama karatu ba ya koya wa 'ya'yan mutane Turanci a Italiya? To, ba aji ake danƙa masa ba. Tun 2003 yaran Italiya ke fara Turanci daga aji ɗaya na firamare, amma karatu daban, magana daban. Shi ya sa ake gayyato ɗalibai daga ƙasashe irin su Ingila, su yi awa 12 a mako, daga Oktoba zuwa Mayu. Malamin aji na nan, nahawu da maki duk nasa ne. Aikin baƙo hira ce, har kunnen yaro ya saba, bakinsa ya buɗe. Shi kuma ya koma gida da Italiyanci. Da fatan ka gamsu.