Wasan da ake ƙirga haske kamar kuɗi

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Wasan tatsuniya ne da ake yi a kan tebur, da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na ludo, wata ma fuskarta 20. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo: mayaƙi, ko matsafi, ko firist, wato malamin ibada na wani addinin ƙage. Duk abin da ake kira sihiri a ciki ƙa'ida ce kawai da aka rubuta a littafi.

Galibin tafiyar gwarazan nan a cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa ake yin ta, inda ko tafin hannu ba a gani. Don haka tun farko aka ba firist wata baiwa ta kunna haske ba tare da mai ko ashana ba. Sai dai kuma an yi mata iyaka, domin bayan ɗan lokaci takan mutu, kuma wanda ya zaɓe ta a ranar ya haƙura da wata baiwar ke nan, kamar ta warkar da rauni.

Matsalar ta taso ne daga babbar yayarta, wato hasken da ba ya mutuwa. A littafin ƙa'idoji na 1978 ba a biyan ko sisi kafin a yi shi, har ana iya jefa shi a idon abokin gaba ya makance. Nan da nan 'yan wasa suka gano dabara: sai su ɗora shi a kan tsakuwa ko kwabo, su jefa a aljihu, shi ke nan sun rabu da sayen mai har abada.

Da kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi wasan a 1997, ya sake tsara shi a shekarar 2000, sai ya sa wa wannan haske farashi: garin jan yaƙutu na tsabar zinariya 50. Amma a bugun 2014 sai aka mayar da ƙaramin hasken kyauta. Yana kai wa ƙafa 20 tangaran, yana yin awa ɗaya, kuma ana sake kunna shi sau nawa aka ga dama.

A nan ne masu wasan suka rabu biyu. Wasu sun ce an huta da lissafi, wasu kuwa suka ce an kashe wa wasan gishiri, tunda babu sauran fargabar duhu. Ra'ayi na biyun ne ya haifi Shadowdark, wanda Kelsey Dionne ta fitar a 2023. A cikinsa babu gwarzon da ke gani a duhu, kuma hasken firist awa ɗaya yake yi a agogon gaske. Idan aka tsaya gardama, sai wuta ta mutu a tsakiyar kogo.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga mai karatu. A 2024 birnin Libreville na ƙasar Gabon ya sha fama da rabon wutar lantarki unguwa-unguwa, har sai da aka haɗa jiragen ruwa masu ba da wuta na kamfanin Karpowership na Turkiyya a 2025. Mazaunin Alibandeng, kamar takwaransa na Fagge ko Tudun Wada, ya san yadda ake auna cajin fitila da tsawon dare, a zaɓi tsakanin karatun yara da cajin waya. Abin da wasu ke sayen littafi don su ɗanɗana a kan tebur, a nan kullum ake kwana da shi.