Hunturu a Kwarin Rima: Haɗarin Ɗari da na Jin Ɗumi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan kaɗo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ita ke kawo mana hunturu. A Birnin Kebbi da Argungu rana kan yi zafi ko a wannan lokaci, amma da yake iskar busasshiya ce, ƙasa kan saki zafinta da zarar rana ta faɗi, har ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 15 a wasu darare. Mutumin Rasha zai ce wannan ba sanyi ba ne. To amma gidajenmu da suturarmu don zafi aka yi su, kuma sau da yawa dabarar da muke yi ta korar ɗari ta fi ɗarin haɗari.

Jiki da ruwan sanyi

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Idan ya fara raguwa, sai jijiyoyin jini na fata su tsuke, mutum ya kama makyarkyata, wato tsoka ce ke motsi don ta samar da zafi. Idan ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari: harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa riƙo, hankali ya rikice, barci ya rinjayi mutum.

Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Saboda haka waɗanda abin ya fi shafa su ne masu aiki a ruwa: masuntan Kabawa da ke shiga gulbi da homa da gora tun da asuba, da manoman shinkafa na fadama, waɗanda suka ƙaru bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin noman rani a Birnin Kebbi a 2015. Mutanen da ke cika Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, gwanayen ruwa ne, amma gwaninta ba ta hana ruwa zuƙe zafin jiki. Wanda ya fito da jiƙaƙƙen tufafi iska na kaɗa shi, zafinsa zai ci gaba da tafiya yayin da ruwan ke bushewa. Maganin wannan shi ne a ajiye busasshiyar riga a bakin gaɓa, a canza nan take, a sha kunu mai zafi. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke tsare ɗumi.

A gida kuwa, jarirai da tsofaffi ne suka fi saurin yin sanyi. A sa wa jariri hula, a jinkirta wankansa sai rana ta ɗaga. Mai amosanin jini ya rufe jiki ya kuma yawaita shan ruwa, don sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon.

Kasko a rufaffen ɗaki

Nan ne babban haɗari yake. Wuta na buƙatar iskar oksijin. Idan gawayi na ci a inda iska ba ta wadata ba, sai ya riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutane da yawa kan bar kasko a tsakar gida har hayaƙi ya ƙare, sannan su shigar da shi ɗaki da zaton ya zama lafiya. Wannan kuskure ne: jan garwashi marar hayaƙi yana nan yana fitar da gubar.

A cikin jini akwai sinadarin himogulobin, mai ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Tun a ƙarni na 19 masanin nan na Faransa, Claude Bernard, ya nuna cewa gubar na ƙwace wa oksijin wurinsa a jini. Riƙon da take yi wa himogulobin ya fi na oksijin fiye da ninki 200. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da za a iya ɗauka zazzaɓi ne. Mai barci kuwa ba zai ji komai ba, sai dai a wayi gari a fasa ƙofa. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, a zargi iskar ɗakin. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da su sarari, a garzaya asibiti inda za a ba su oksijin. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja. Hayaƙin janareta ma yana ɗauke da wannan guba, don haka a ajiye shi nesa da taga.

Gobara

Bushewar iska kan mai da zana da kara da jinka tamkar makamashi, ga kuma iska mai ɗaukar tartsatsi. Wutar jin ɗumi da masu gadi da almajirai da 'yan kasuwa kan hura, a yi ta nesa da shinge da rumbu, a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a tashi. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kasko.

Aiki ga ɗalibai

Malamin kimiyya na iya kunna kyandir a aji, ya kifa masa kwalba mai faɗin baki. Ɗalibai su ƙirga daƙiƙun da wutar za ta yi kafin ta mutu, sannan a sake da kwalbar da ta fi girma. Daga nan a tambaye su: idan kwalbar ɗaki ce, garwashi kuma bai mutu da wuri kamar kyandir ba, me zai sami mutum biyar da ke kwance a ciki? Ɗalibin da ya gane amsar, ya kai ta gida. A ɗumama ɗaki da wuri, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, a ƙara bargo.