Abin da Ya Ɓace wa Di'o a Littafin Mister Johnson

A 1939 aka buga Mister Johnson a Ingila. Labari ne na wani matashin akawu ɗan Kudu mai suna Johnson da ke aiki a ofishin Di'o, a wani garin Arewacin Nijeriya da marubucin ya ƙirƙira ya raɗa wa suna Fada. Joyce Cary, mai littafin, ganau ne. Ya shiga aikin mulkin mallaka a 1913, an ji masa rauni a yaƙin Kamaru, ya yi aiki a ƙasar Borgu, bai ajiye aikin ba sai 1920. A ganina wannan ne ya sa ɓarnar littafinsa ta fi ta marubuci Joseph Conrad, wanda ya yi 'yan watanni kawai a Kwango a 1890. Cary ya zauna cikinmu, don haka aka gaskata shi.

To me ya sa wanda ya zauna ya kasa fahimta? Babban dalili shi ne kujerar Di'o da ya zauna a kai. Ba a zuwa gaban Di'o sai a kan haraji, ko shari'a, ko aikin hanya. Talakan da ya tsinci kansa a nan yakan durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya taƙaita magana. Mu mun san ladabi ne, wani lokaci kuma dabarar tsira da mutunci ce. Bature kuwa sai ya karanta shi a matsayin duhun kai ko munafunci. Iyakarsa zaure. Cikin gida, inda ake rainon ɗa, ake sasanta miji da mata, ake shawarar aure, ƙafarsa ba ta taka ba.

Dubi Bamu, yarinyar da Johnson ya aura. Ba Bahaushiya ba ce, amma abin da aka yi mata ya shafe mu. An zana maganar aurenta tamkar cinikin akuya, ana tayi ana albarka, har mai karatu a Landan ya tashi da yaƙinin cewa mata sayensu ake yi. Ba a nuna masa cewa dukiyar aure igiya ce tsakanin gida biyu ba, mai shaidu da haƙƙoƙi, wadda ke ba dangin mace bakin magana idan an wulaƙanta 'yarsu. Shirun Bamu ma an bar shi kamar ba komai a zuciyarta. Duk wanda ya taɓa ganin amarya a gaban baƙi ya san kunya na iya rufe baki alhali zuciya cike take.

Akwai kuma kasuwa. Masu sayen littafi a Turai sun saba da baƙar fata mai dariya da waƙa kamar yaro, kuma Johnson ya dace da wannan rigar. A 1952 mujallar Time ta Amurka ta ɗaga littafin sama da duk wani labari da aka rubuta kan Afirka.

Gaskiya ɗaya ce, Cary bai wanke 'yan'uwansa ba. Rudbeck, Baturen da ya ƙwallafa rai a kan gina hanya, da saninsa aka murɗe lissafin kuɗi, amma Johnson aka kora, kuma Rudbeck ɗin ne ya harbe shi a ƙarshe.

Sakamakon ya fito ta inda ba a zata ba. An sa littafin cikin karatun ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan, suka ƙi yarda cewa su ne a ciki. Ɗaya daga cikinsu, Chinua Achebe, ya fitar da Things Fall Apart a 1958, ya nuna al'ummar Ibo daga cikin gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Arewa ta riga ta yi magana tun kafin Cary ya buga nasa. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Shaihu Umar akwai uwar da ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta, mace mai zuciya da azama irin wadda aka hana Bamu. Da Hausa aka rubuta shi, kuma masu karanta Ingilishi ba su same shi ba sai 1967, da Mervyn Hiskett ya fassara shi, shekara 28 bayan sun san Bamu.