Wuridin da Ba a Ajiyewa

A Goron Dutse, unguwar da marigayi Khalifa Isyaka Rabiu ya kafa gidansa da masallacinsa, ɗarikar Tijjaniyya ba baƙuwa ba ce. Abin da mai wucewa ke ji shi ne hailalar yammacin Juma'a. Babban aikin kuwa a ɓoye yake.

Muridi yana karɓar wuridi a hannun mukaddami bisa sharuɗɗa, mafi nauyinsu kuwa shi ne ba zai ajiye ba har mutuwa. Kullum safe da yamma yana da lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ga kuma wazifa sau ɗaya a yini, galibi cikin jam'i. In ya kuɓuce masa, sai ya rama. Jerin nan ba kara-zube ba ne. Da istigfari ake farawa domin a wanke zuciya daga hassada, riya da girman kai, sannan a cika ta da ambaton Allah. Ba a zuba nono a ƙazamar ƙwarya. Maimaitawar ma da dalilinta: son zuciya ba ya mutuwa, lafawa yake yi, ya farka ranar da aka ɓata maka a kasuwa ko aka yabe ka fiye da kima. Shi ya sa Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a 1937, ya ba tarbiyya matsayin da ya ba ta.

Mutanen Indiya ma sun gano cewa gyaran hali aikin rayuwa ne. Yoga, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ranar 21 ga Yuni tun 2014, yawancinmu lanƙwasa jiki muka ɗauke ta. Amma a matakai takwas na yoga da malaminsu Patanjali ya tsara, zaman jiki na uku ne, sarrafa numfashi na huɗu. Biyun farko hali ne: kada ka cuci kowa, kada ka yi ƙarya ko sata, ka tsarkake kanka, ka wadatu da abin hannunka. Aƙidar ta sha bamban da tamu nesa ba kusa ba, ba na kuma haɗa su. Ina dai jin takaicin yadda a nan da can ake riƙe abin da ido ke gani, a saki horon. Carbi a hannu bai hana wani tauye mudu a Kasuwar Kurmi ba, kuma mukaddamin kirki kan mudun zai fara tambayarsa.