Askin Dole A Osaka: Gabar Mata 'Yan Kokawa Na Japan

Ran 28 ga watan Agusta, 1985, a birnin Osaka na ƙasar Japan, aka danne wata budurwa 'yar shekara 20 mai suna Chigusa Nagayo a kan kujera, aka aske mata kai a gaban jama'a. Dubban 'yan mata 'yan makaranta da suka cika zauren suka dinga rusa kuka kamar an yi musu mutuwa. Sharaɗin karawar ke nan: wadda aka kayar ta ba da gashinta.

Wanda ya saba da kokawar gida, inda gwiwa na taɓa ƙasa zance ya ƙare, sai ya ga wannan dabam. Kokawar igiya ce irin ta telebijin, sai an danne kafaɗun mutum alƙali ya ƙidaya uku, kuma akasari an shirya wadda za ta ci. Amma fa jinin da gashin na gaske ne. Abin da ya fi jan jama'a shi ne karawar bibbiyu, watau ɗaya na ciki, abokiyarta na bakin igiya, ba ta shiga sai sun tafa hannu.

Kamfanin 'yan'uwan Matsunaga, wanda aka kafa a 1968, ya fara cin kasuwa da Jackie Sato da Maki Ueda, da ake kira Beauty Pair, daga 1976. A 1979 aka haɗa su da junansu, Ueda ta sha kaye ta yi ritaya. Sa'an nan a 1983 Nagayo da Lioness Asuka suka zama Crush Gals, ga kokawa ga waƙa, suka ɗauki kambun bibbiyu a 1984.

To, gwani ba ya fitowa sai da abokin gaba. Nan Dump Matsumoto ta shigo da ƙungiyarta, Gokuaku Domei, cikinsu har da Bull Nakano. Ta rina gashi, ta yi wa fuska fenti, ta riƙa shiga fili da sarƙa da almakashi da sandar gora. Ga kuma alƙalin wasa, Shiro Abe, wanda kullum yake kau da kai in ta yi mugunta. Ita ce ta kayar da Nagayo a Osaka. A watan Nuwamba, 1986, Nagayo ta rama a zauren nan dai, aka aske Dump.

Alhali kuwa su biyun tare suka fara a 1980, tare suka sha wuyar koyo da rashin kuɗi, ƙawaye ne. Don kada asiri ya tonu sai Dump ta yanke hulɗa da ita, ta ɗauki baƙin jinin ƙasa guda a kanta, har wasiƙun zagi ake aiko mata. Lalle ita ta fi biyan farashin wannan kasuwa. Dokar kamfani kuma ba sauƙi: ba giya, ba taba, ba saurayi, kuma mace na kai wajen shekara 25 ake sa ran ta sauka.

A wasanta na ban kwana, cikin Fabrairu 1988, aka ƙara 'yan mintoci, Dump da Nagayo suka tsaya gefe guda a matsayin abokan bibbiyu. Crush Gals suka yi ritaya a 1989, kamfanin ya rufe a 2005.