Gulbin Maraɗi, kogin da ke kwance ƙarƙashin rairayi

Baƙon da ya zo Maraɗi a watan Maris ya ce a kai shi bakin Gulbi, rairayi za a nuna masa. Haka ta faru da ni. Ɗan kabu-kabu ya gangara da ni daga tudun gari, ya tsaya gaban wani shimfiɗaɗɗen yashi da amalanken shanu ke ratsawa, ya ce mun iso. Ko ɗigo ban gani ba. Amma hagu da dama lambuna ne shar, ga mangwaro ya yi inuwa, ga ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina. Ruwan yana nan, ƙasa ya shige.

Gulbin ya faro ne daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta yankin Madarunfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkata yamma ya koma Nijeriya ya haɗu da kogin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Kurmin da ya rufe wannan kwari a da shi ne ya ɓoye Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi ya ci shi a 1807, har suka kafa sarautarsu a Maraɗi. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, nan suka nufo suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. Doki ba ya sukuwa cikin kurmi, kuma sun san haka.

Gulbin da ya yi musu garkuwa shi ne kuma ya tashe su. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, Turawan Faransa suka mai da gari kan tudu, suka zana masa miƙaƙƙun titunan da ake bi yau.

A Jiratawa na fi daɗewa. Tun farkon shekarun 1980 aka buɗe filin noman rani a can, mai faɗin sama da hekta 500, ƙarƙashin kulawar hukumar noman rani ta ONAHA. Ruwansa daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, lantarki ke jawo shi, a sake shi cikin magudanan siminti bisa jeri, kowace ƙungiyar manoma da lokacinta. Na tarar da wani dattijo tsaye da fartanya, yana jiran ruwa ya iso bakin fegensa. "Sannu da aiki, Baba," na ce. Ya amsa ba tare da ya ɗago ba, don a daidai lokacin ruwan ya kawo. Sara biyu ya yi, ya buɗe kunya, ruwa ya kwarara cikin zogale, ya tare da ƙafa ya juya shi zuwa ta gaba.

Zogalen nan shi ne kuɗin cefanen gari. Albasa da tumatir da tattasai sai a jira lokacinsu, shi kuwa ana yankansa yana sake tohowa. Da rana za ka ga mata sun kewaye tabarma a inuwa, suna tsige ganye daga kara da saurin da ido ba ya iya bi, hira na tafiya hannu bai tsaya ba. A dafa wani a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, a shanya wani a ɗura a buhu, ranar Litinin ko Juma'a a nufi kasuwar Maraɗi da shi. Wasu matan kuma yumɓun fadama suke ɗebowa su gina tulu da randa. Na sha ruwan randar Jiratawa da tsakar rana, kuma ban nemi ƙanƙara ba.

Sai dai makullin wannan arziki ba a hannun Maraɗawa yake ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ɓangaren Nijeriya wajen 1990, yawan ruwan da ke gangarowa ya dogara da abin da aka saki daga can. Gulbi in bai malala ya jiƙa kwari da damina ba, rijiya sai ta ƙara zurfi da rani, mai ƙaramin inji ya fara sallama lambunsa. Wutar da ke juya famfunan ma daga layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wa Nijar lantarki bayan juyin mulki.

Ba a rasa takarda ba. Ranar 18 ga Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kai, kuma sunan Gulbin Maraɗi yana ciki. Abin da manomin Jiratawa da na Tsibiri ke buƙata bai wuce sanin ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saki ba, don ya san abin da zai shuka. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa tun 1971, ita ke da wannan aiki. Ta kakkaɓe takardar Maiduguri, ta fitar da jadawalin sakin ruwa kafin rani mai zuwa, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon Maraɗi da Katsina.